Daga Pop Zuwa Kiɗan Rawa Na Lantarki: Me Ke Canjawa Idan Mawaƙi Ya Sauya Sheƙa?

Ranar 17 ga Yunin 2022 Drake, mawaƙin gambara ɗan Kanada, ya saki kundin waƙoƙinsa mai suna Honestly, Nevermind ba zato ba tsammani. Masoyansa suka buɗe suna jiran gambara, sai suka tarar da ganga tana dukan ƙasa ba ƙaƙƙautawa, muryar gwanin nasu kuma tana yawo a saman kiɗa kamar mai raɗa. Makonni shida bayan nan Beyoncé ta fito da Renaissance, shi ma a kan kiɗan gidajen rawa aka gina shi. Ce-ce-ku-cen da ya biyo baya irin wanda ake yi ne duk sanda babban mawaƙi ya koma kiɗan rawa na lantarki. Wasu su ce basira ce ta motsa, wasu su ce kasuwa ce ta kira, 'yan hannu a harkar kuma su tambaya wa ya gayyato shi.

Muhawarar kan zagaya wuri ɗaya ne saboda yawancin masu yinta suna ɗaukar abin kamar canjin riga: muryar nan ce, waƙar nan ce, an dai ƙara mata gudu da ƙarar na'ura. Alhali a waƙar pop murya ce ke mulki, kiɗa yana mata hidima. A kiɗan rawa ganga ce ke mulki, murya kuma ɗaya ce cikin kayan aiki. Daga wannan juyin mulki ne sauran abubuwa ke fitowa: tsarin waƙa, yawan kalmomi, wanda sunansa zai hau gaba, da yadda za a raba kuɗi.

## Kalmomin da ke ruɗa mutane

Pop ba wani amo ba ne takamaimai. Suna ne na waƙar da aka tsara don ta shiga kunnen mafi yawan jama'a: tsawonta minti uku ko kusa da haka, baiti da amshi suna karɓa-karɓa, amshin kuma shi ne ƙololuwa, shi ne abin da mutum zai tashi da shi a baki.

Kiɗan rawa na lantarki, wanda ake taƙaitawa da EDM, yana da ma'ana biyu, kuma rabin gardamar daga nan take tasowa. A faɗaɗɗiyar ma'ana, duk kiɗan da aka ƙera da na'ura ko kwamfuta don DJ ya juya shi a wurin rawa ne. A ƙuntatacciyar ma'ana kuwa, salon manyan bukukuwa ne da ya yi tashe a Amurka daga wajen 2010, mai yawan ƙara da tsalle. Masu kiɗan house da tekno da yawa ba sa son a kira aikinsu EDM, don a wurinsu sunan tambarin 'yan kasuwa ne.

Ana bambanta rassan gidan da gudun kiɗa, wato yawan bugu a minti ɗaya. House yana tafiya tsakanin bugu 120 da 130. Tekno kan fara daga nan ya haura 140. Dubstep yana zaune a 140, drum and bass a wajen 170 zuwa 175, amapiano na Afirka ta Kudu kuma a wajen 110 zuwa 115. House da tekno sun yi tarayya a abu ɗaya: babbar ganga tana sauka a kan kowane bugu, ɗaya, biyu, uku, huɗu, sannan a sake. Bugu huɗun nan su ne zango ɗaya, kuma da zango ake auna komai.

Furodusa da DJ ma ba abu ɗaya ba ne, ko da mutum ɗaya yakan haɗa biyun. Furodusa ne ke ƙera kiɗan a manhaja irin Ableton Live ko FL Studio ko Logic Pro. DJ shi ke zaɓar waƙoƙi yana saƙa su cikin juna a gaban jama'a ba tare da rawa ta yanke ba.

Ita kuma kalmar "gwaji" da kamfanonin waƙa ke son maƙalawa tana ɗaukar abubuwa masu nisa da juna. Akwai mawaƙin da kawai ya ba wani furodusa muryarsa aka yi rimis, wato aka sake wa tsohuwar waƙa sabon kiɗa. Akwai wanda ya je baƙunta a waƙar wani furodusa. Akwai kuma wanda ya rushe tsarin aikinsa ya gina kundi sukutum a kan ƙa'idojin filin rawa. Na ƙarshen ne kaɗai ya sauya sheƙa da gaske, kuma shi ne ke ɗaukar kasada.

## Hanya ce da aka sha bi

A 1977 Donna Summer da furodusa Giorgio Moroder suka yi I Feel Love a birnin Munich na Jamus, kusan duk kiɗanta daga na'urar Moog ya fito. Shekara biyu bayan haka kasuwar disko ta rufta a Amurka. Ranar 12 ga Yulin 1979 aka tarwatsa tarin fayafayan disko a filin wasa na Comiskey Park da ke Shikago, taron ya rikiɗe ya zama tarzoma, gidajen rediyo da manyan kamfanoni kuma suka ja baya.

Kiɗan bai mutu ba, ƙasa ya shiga. A wannan birni na Shikago, a wani gidan rawa mai suna Warehouse, Frankie Knuckles yana juya tsofaffin fayafayan disko ga jama'ar da galibinsu baƙaƙen fata ne da 'yan asalin Latin Amurka, da yawansu masu neman jinsi ɗaya. Daga sunan gidan ake danganta kalmar house. A yankin Detroit kuma Juan Atkins da Derrick May da Kevin Saunderson suka ɗora harsashin tekno. Kayan aikinsu har da na'urorin buga ganga na kamfanin Roland, TR-808 ta 1980 da TR-909 ta 1983, waɗanda ba su yi kasuwa ba a farko, shi ya sa matasa marasa jari suka iya sayensu na hannu da araha. Wannan asalin shi ne tushen ƙorafin da ake ji yau idan attajirin mawaƙi ya shigo gidan.

Tun daga nan 'yan pop ke zuwa ɗiban ruwa a rijiyar. A 1998 Madonna ta yi Ray of Light da William Orbit, Cher kuma ta yi Believe, inda aka murɗa manhajar Auto-Tune har murya ta riƙa tsalle daga mataki zuwa mataki kamar ta na'ura. Daga 2009 David Guetta ɗan Faransa ya buɗe wani babin da mawaƙan Amurka, kuma a 2011 We Found Love ta Rihanna da Calvin Harris ta yi mako goma a saman jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Kuɗi ya kwarara cikin harkar bukukuwa, har kamfanin SFX Entertainment, wanda ya yi ta sayen bukukuwan rawa, ya durƙushe a 2016. Guguwar ta lafa, ta sake tasowa bayan kullen korona.

## Inda gizo ke saƙa: cikin sitidiyo

Gudu da yawan kalmomi. A ɗauki waƙar soyayya mai bugu 90 a minti. Zango ɗaya yana cin daƙiƙa 2.67. Idan mawaƙiya ta saba zuba gaɓoɓin kalma 12 a zango, tana furta huɗu da rabi ke nan a daƙiƙa, da sararin numfashi. A mayar da kiɗan bugu 124, zangon ya koma daƙiƙa 1.94, gaɓoɓin sun haura shida a daƙiƙa. Baƙaƙe su fara cin juna, numfashi ya ƙare a tsakiyar layi. Mafita biyu ce. Ko a zubar da wajen kashi ɗaya cikin huɗu na kalmomin, ko mawaƙiyar ta rera a rabin gudu, kamar kiɗan bugu 62 ne, muryarta na shawagi a hankali ganga na gudu a ƙasa. Wannan ne dalilin da ya sa masoya ke kukan cewa gwaninsu ya daina rubutu. Sau da yawa ba rubutun ya daina ba, wurin zuba shi ne ya ƙanƙance.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar tsohuwar murya a ja ta da manhaja. Idan aka ƙara wa sauti gudu da kashi 6 cikin 100 ba tare da gyara ba, amonsa yana hawa sama da rabin matakin sauti. Daga 90 zuwa 124 ƙarin kusan kashi 38 ne, fiye da rabin-mataki biyar, murya ta koma ta yara. Manhajojin yanzu suna iya riƙe matakin su canja gudun kaɗai, amma da zarar an wuce kashi goma ko makamancin haka, karkarwar murya takan yi sauri fiye da ta ɗan Adam, harufa irin "s" da "t" kuma su yi dishi-dishi. Ƙwararru sukan sake ɗaukar muryar ne a sabon gudun.

Amshi ya rasa kujerarsa. A bugu 128, zango ɗaya daƙiƙa 1.875 ne. Zango 16 rabin minti ke nan cif, zango 32 minti ɗaya. Waƙar da aka yi wa DJ tana buɗewa da zango 16 ko 32 na ganga zalla, ta rufe da irinsu, domin a wannan sararin ne yake shigar da ita a kan wadda ke ƙarewa. A tsakiya akwai wurin da ake janye ganga gaba ɗaya, murya ta samu fili. Daga nan kiɗa ya fara hawa na zango 8 ko 16, ƙananan ganguna suna ninka sauri, ana tsuke amon ƙasa, jama'a suna jira. Sai a saki komai lokaci ɗaya. Wannan sakin shi masu sana'ar ke kira dirof, kuma shi ne ƙololuwar waƙar.

Abin lura shi ne a dirof mawaƙi yakan yi shiru, ko a daddatsa muryarsa a mayar da ita kamar wata na'urar kiɗa. Amshinsa an tura shi can baya, ya zama share fage. A waƙar Rihanna da Calvin Harris da aka ambata, wurin da fili ke rikicewa ba wurin da take rerawa ba ne, kiɗa ne zalla. Ga mutumin da ya gina suna a kan jan dogon amshi, yarda da wannan ba ƙaramin abu ba ne. Da yawa ba sa yarda, sai a cusa amshi da dirof wuri ɗaya, kowanne ya danne ɗan'uwansa.

Sannan ga matsalar manhajojin sauraro. Spotify ba ta ƙirga sauraro sai an kai daƙiƙa 30, mai waya a hannu kuwa ba zai jira rabin minti na ganga zalla ba. Don haka dole a yi kwafi biyu: gajere na kusan minti uku da murya ke shigowa da wuri, da dogo na minti biyar zuwa bakwai na DJ. Aiki mai kyau yakan tsara kowanne daban. Idan aka datse dogon da almakashi kawai, hawan kiɗa ba ya samun lokacin da zai tara zumuɗi, dirof ya zo salam. Idan kuma gajeren aka liƙa wa ganga gaba da baya, DJ na ji sau ɗaya ya gane.

Mazaunin waƙa. Kowace waƙa tana da matakin sautin da aka zaunar da ita a kai, wanda makaɗa ke wa laƙabi da haruffa daga A zuwa G. A pop muryar mawaƙi ce ke zaɓa. A kiɗan rawa lasifika ma tana da ta cewa. Amon ƙasa, wanda ake ji a ƙirji fiye da kunne, ya fi zama daram tsakanin Hz 40 da 60, Hz kuwa shi ne yawan karkarwar sauti a daƙiƙa. F na ƙasa yana Hz 43.7, G yana 49, A yana 55, shi ya sa waƙoƙin rawa da yawa ke zaune a nan. C kuwa ko dai ya faɗa 32.7, inda lasifikoki da yawa ba sa kaiwa, ko ya hau 65.4, inda nauyin ya ragu. Idan muryar mawaƙiya ta fi daɗi a C, sai an yi ciniki. Ko a matsar da ita mataki ɗaya ko biyu, ko a rubuta bes ɗin, wato layin kiɗa mai amon ƙasa, ya riƙa dogara da wasu matakan. Matsar da murya sama yana yiwuwa a sitidiyo, inda ake iya ɗaukar layi sau ashirin a zaɓi mai kyau. Ranar biyan bashin ita ce ranar da aka fita rangadi, dare bayan dare.

Haɗa sauti. Babbar ganga da bes suna zaune a unguwa ɗaya ta amon ƙasa, kuma idan suka yi magana tare sai a ji gurnani kawai. Maganin shi ne a sa na'urar danne sauti ta riƙa sauraron gangar. Duk sanda ganga ta sauka, bes da sauran kiɗa su sunkuya, sannan su ɗago. A bugu 128 tazarar bugu da bugu milisakan 469 ce, don haka akan saita ɗagowar a wajen milisakan 150 zuwa 250, ta kammala kafin bugu na gaba. Wannan sunkuyawa da ɗagowa ita ce numfashin da ake ji a kiɗan house. Idan injiniya ya yi sakaci ya bi da babbar murya ta wannan hanyar da ƙarfi, duk gaɓar kalmar da ta faɗo a kan bugu sai ta nutse, mai sauraro ya ji rabin kalma.

Fahimtar kalmomi kuma tana zaune ne tsakanin Hz 2,000 da 4,000, daidai inda na'urorin ƙirƙirar sauti ke da kaifi. Akan rage musu desibel (ma'aunin ƙarfin ƙara) biyu ko uku a wannan yanki duk lokacin da murya ta shigo. Amon da ke ƙasa da wajen Hz 120 ana tattara shi a tsakiya, ba a raba shi hagu da dama, don na'urorin gidajen rawa da yawa suna haɗe ɓangarorin biyu, abin da aka raba kuma yana iya soke juna ya ɓace. Ita kuwa lasifikar waya ba ta fitar da amon ƙasa sam. Waƙar da duk ƙarfinta ke can ƙasa takan zama fanko a waya, sai an ɗan ƙona sautin bes ɗin da gangan don ya haifar da amo na sama da ƙaramar lasifika za ta iya furtawa. Wani ɓangare na sukar da ake yi a ranar farko, cewa kundi "ba shi da rai", daga kunnen da ya saurara a waya yake fitowa.

Ƙarfin ƙara ma tarko ne. Waƙoƙin gidan rawa akan matse su su yi ƙara sosai, Spotify kuma tana daidaita ƙarar komai zuwa ma'auni ɗaya, wajen -14 LUFS. Abin da aka matse za a rage masa ƙara, ya rasa ƙarar, bai kuma dawo da sararin da aka matse ba.

## Me ke tura mawaƙi can?

Dalilan ba sa rabuwa da juna cikin sauƙi. Kiɗan rawa ba ya dogara da harshe sosai, layi huɗu da ake maimaitawa suna ƙetare iyaka fiye da labari mai baiti uku. Yana buɗe ƙofar bukukuwa irin Tomorrowland na Beljiyam da Ultra na Miami da gidajen rawa na tsibirin Ibiza a Sifaniya. Waƙa ɗaya tana iya haifar da rimis biyar, kowanne ya ƙara mata kwana a kasuwa. Dirof na daƙiƙa goma sha biyar kuma kamar don gajerun bidiyon TikTok aka yanka shi. Ga mawaƙin da ya shekara goma sha yana abu ɗaya, sauyin hanya ce ta sake zama labari.

Akwai kuma waɗanda gida suka koma. Charli XCX tun tana budurwa take wasa a tarukan rawa na bayan fage a Landan, don haka kundinta Brat na 2024 bai zo wa 'yan harkar a matsayin baƙo ba. Kafin fitarsa ma sai da ta tsaya a bayan na'ura a wani taron Boiler Room, dandalin da ke watsa wasan DJ ta intanet, a Brooklyn ta New York cikin Fabrairun shekarar.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Tsofaffin masoya suna cewa murya da labari suka biyo, an kuma ba su ganga. Ƙorafin yana da tushe, don kamar yadda lissafin sama ya nuna, kalmomi suna raguwa da gaske. Akwai ma alama a alƙaluma: kundin Drake ya hau saman jadawali, amma waƙar da ta zo ta ɗaya daga cikinsa ita ce ta ƙarshe, wadda gambara ce zalla. Masu kare sauyin suna amsawa da cewa ana auna kundin da ma'aunin da ba nasa ba. Waƙar rawa ba a yanke mata hukunci a zaune, kuma maimaici a cikinta ba talaucin basira ba ne, shi ne aikin.

'Yan harkar rawa su ma ba bakinsu ɗaya ba. Wani ɓangare na ganin tauraro yakan zo ya kwashi salon da wasu suka yi shekaru suna renonsa a ƙananan wurare, ya ci riba, ya tafi. Ɗaya ɓangaren na nuna ƙofofin da ke buɗewa. Black Coffee na Afirka ta Kudu yana cikin manyan furodusoshin kundin Drake, Honey Dijon 'yar Shikago kuma ta yi aiki a Renaissance, kuma miliyoyin da ba su taɓa jin sunayensu ba sun ji. Tambayar da ɓangarorin biyu suka fi haɗuwa a kai ita ce: an ɗauki 'yan gida aiki an rubuta sunansu, ko kwaikwayonsu aka yi?

Kyaututtuka sun ƙara wa wutar mai. A Fabrairun 2023 Renaissance ya lashe Grammy, babbar kyautar waƙa ta Amurka, a rukunin kundin rawa da lantarki, rukunin da aka saba ganin furodusoshi da DJ a ciki. A 2024 aka fara ba da kyauta a rukuni na daban na waƙar rawa ta pop, Kylie Minogue ce ta fara ɗauka. Wannan ya raba layi a matakin waƙa ɗaya-ɗaya, amma a matakin kundi har yanzu tare ake karawa, kuma Brat ne ya ɗauka a 2025.

## Suna da kuɗi

Kowace waƙa tana da haƙƙin mallaka biyu: na rubutu da kari, da na sautin da aka ɗauka. A tsohon tsari furodusa yakan karɓi ladan aiki da kaso kaɗan daga kuɗin sautin, galibi uku zuwa biyar cikin ɗari. Amma idan abin da jama'a ke tunawa da waƙa shi ne karin da na'ura ta buga a dirof, furodusan ya zama marubuci, kuma zai nemi kasonsa a haƙƙin rubutu. Har a kan suna ana ganin sauyin. Wani lokaci sunan mawaƙiya ne a gaba, na furodusa a matsayin baƙo, kamar Rihanna da Calvin Harris. Wani lokaci furodusan ne mai waƙa, kamar yadda Guetta ya yi da Kelly Rowland a 2009. Mai yin rimis kuwa yawanci kuɗi ake yanka masa sau ɗaya, ko da nasa kwafin ya fi na asali tashe, sai in ya nemi kaso a rubuce tun kafin ya miƙa aiki.

Kiɗan rawa yana rayuwa da tsakure. Wanda ya ɗauki ainihin sautin tsohuwar waƙa yana buƙatar izini biyu, na masu rubutu da na masu sautin. Wanda ya sake buga karin da hannunsa izinin masu rubutu kaɗai yake nema. A nan ne doka da ladabi ke rabuwa. A 2022 mawaƙiya Kelis ta koka cewa an yi amfani da wani yanki na tsohuwar waƙarta a Renaissance ba a sanar da ita ba. Haƙƙin rubutun waƙar na furodusoshinta ne, Pharrell Williams da Chad Hugo, amma duk da haka an cire yankin bayan 'yan kwanaki. Ita ma murya an taɓa yi mata irin wannan a gidan: a 1990 Martha Wash ta rera waƙoƙin da suka yi tashe na Black Box da C+C Music Factory, aka sa wasu mata a bidiyo suna motsa baki, sai da ta kai ƙara kafin aka sasanta aka amince da sunanta.

## Abin da zai iso ga mai sauraro

Wanda ya sayi tikitin kallo zai ga dandali ya canja. Kiɗan yana fitowa ne daga kwamfuta, galibi biyu suna tafiya tare don in ɗaya ta tsaya ɗayar ta karɓa, mawaƙi kuma yana jin ƙwanƙwasar ma'aunin gudu a kunnensa. Ba zai iya jan ƙarshen waƙa ba don jama'a sun ɗauka, sai in an tanadi wurin tun a shiri. Muryoyin rakiya da aka jera a sitidiyo suna cikin abin da ake kunnawa, kuma rera waƙa ana rawa a bugu 128 yana cin numfashi, shi ya sa zargin motsa baki ke yawaita a irin waɗannan rangadi. Makaɗan jita da ganga na hannu sukan ragu, masu kula da kwamfuta da fitilu su ƙaru.

Kunne ma yana da nasa kason. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce matsakaicin ƙara a wuraren nishaɗi kada ya wuce desibel 100, kuma a lissafinta desibel 80 ne ake iya ji na awa 40 a mako ba illa, a desibel 100 kuwa abin bai wuce minti 20 a mako ba. Taro na awa biyu ya ninka wannan sau da yawa. Abin toshe kunne mai tace sauti, da nisantar gaban lasifika, su ne kariyar da ke hannun mai kallo. Fitilu masu walƙiya fiye da sau uku a daƙiƙa kuma suna iya tayar da farfaɗiya ga masu saurin kamuwa.

Ga ƙananan furodusoshi da DJ, shigowar tauraro takan kawo aiki da sababbin masu sauraro na ɗan lokaci, ta kuma cika jerin waƙoƙin rawa na manhajoji da manyan sunaye, wurin da da nasu ne. Tsawon wannan lokacin ya danganta da ko tauraron zama ya zo yi. Madonna ta ci gaba, ta yi Music a 2000 da Confessions on a Dance Floor a 2005. Beyoncé ta wuce zuwa kiɗan country, salon karkarar Amurka, a Maris ɗin 2024. Drake kuwa ko wata biyar bai cika ba ya koma gambara, da kundin haɗin gwiwa da 21 Savage a Nuwamban 2022.